Ranar da Aka Yaye Jinkar Ɗakina

Sunana Andrawus. Manomin citta ne ni. Ubana ma citta ya noma, a kan tudun nan da ke tsakanin Kafanchan da Zonkwa. Ban yi nisa a makarantar mishan ba aka cire ni aka ba ni fartanya. Ban iya dogon zance ba. Abin da ya faru zan faɗa.

Kowa ya san shekarar da ciwo ya shiga citta. Ganye ya yi rawaya, ya kwanta. Ka tona ƙasa, sai ruɓa da wari. Gonaki suka tafi tun daga nan har Kachia. Na ga manyan maza suna kuka a bakin gona. A gidanmu ɗana Kevin ne ya fi kowa asara, don shi ya buɗe babbar gona a kwari a wannan shekara. Ko kwando ɗaya bai fitar ba.

Ni ina da ɗan fili a bayan dutse, inda ruwa ba ya kwanciya. Can nake zuba tafin giwa, irin cittar da ubana ya bar mini. Ciwon bai hau can ba. Ban san dalili ba, ban kuma tambayi kowa ba. Abin da na tona kaɗan ne. Ban ci ba, ban sayar ba. Na sake shukawa, na sake tonawa, na binne a rami ƙarƙashin mangwaro.

Akwai Romanus, ɗan Ibo mai sayen citta a Kafanchan. A nan aka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya yi ta zuwa gidana.

"Baba, ko rabi ka sayar mini. Mutane suna neman iri kamar magani."

"Ka sha ruwa ka tafi."

"Baba, kai fa ba ka da sauƙi."

"Na sani."

Da iri ya isa gona guda, sai gwiwa ta kama ni. Ta kumbura ta yi kamar tulu. A asibiti suka ce ba hawan dutse, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya. Aiki ya koma hannun Kevin.

Wanda bai san citta ba, ya ji. Citta ba masara ba ce. In ka sa ta a ƙasa, dole ka rufe ta da busasshiyar ciyawa, a ranar ko washegari. In ba ka rufe ba, rana za ta dafa ta a cikin ƙasa. Ita kuwa ciyawar ba lokacin shuka ake nemanta ba. Tun bayan girbi ake yankanta, kafin Kirsimeti, a ɗaure dami-dami, a tara, a share kewayen tarin. In ka bari lokacin ya wuce, masu farautar gafiya za su sa wa daji wuta. Daga nan babu ciyawa sai wata shekara. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san haka.

Kevin ba malalaci ba ne. Da malalaci ne da na san yadda zan yi da shi. Yana acaɓa tsakanin ƙauye da Kafanchan. In mace ta fara naƙuda, shi za a kira. In za a kai gawa, shi ne a gaba. Yana cikin mawaƙan coci, shi ke ɗaukar kujeru, shi ke gyara janareta. Kowa yana yabonsa. Aikin kowa yau yake yinsa. Aikin gidansu ne kawai na gobe.

Da ciyawa ta bushe a daji, na wasa lauje da kaina, na rataye a ƙofar ɗakinsa.

"Kevin, ciyawa ta yi."

"Na gani, Baba. Gobe da sassafe."

Gobe ta zo, akwai biki a Kagoro, shi ne mai kai amarya gyaran gashi. Wata gobe, koyon waƙoƙin Kirsimeti. Wata gobe, sarƙar babur ta tsinke. Kowace rana da dalilinta, kuma in ka duba dalilin ba ƙarya ba ne. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ƙarya yake yi da na kama shi.

"Kai, yaushe?"

"Baba, daji fa cike yake da ciyawa. Ba inda za ta je. A bari Kirsimeti ta wuce."

"Wuta ba ta zuwa coci. Ba ta san Kirsimeti ba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Matarsa Tamar mace ce mai hankali. Ta ce mini, "Baba, ka ba ni laujen, ni da 'yan zumuntar mata mu yanka ko kaɗan." Tana da tsohon ciki a lokacin. Na ce mata, "Ba za a ce Andrawus ya tura mai ciki daji, ɗansa yana yawo a kan babur ba. Zauna." Ta zauna.

Kirsimeti ta wuce. Sabuwar shekara ta wuce. Lauje yana rataye, ya fara tsatsa. Wata rana da azahar ina zaune a gindin rumbu, na ga hayaƙi ya tashi ta bayan dutse. Ban tashi ba. Ban kira kowa ba. Na zauna ina kallo har toka ta fara sauka a kan rigata. Kafin yamma, tun daga bakin rafi har gindin dutse ƙasa ta zama baƙa.

Kevin ya dawo, ya kafe babur, ya tsaya yana kallon dajin.

"Ka ga inda ta je," na ce.

"Baba, kada ka damu. Nuru yana da ciyawa. Ya tara da yawa bana."

Nuru mutum ne a hanyar Zonkwa da ke tara ciyawa yana sayar wa manoman citta.

"Ka je yau."

"Zan kira shi."

"Kada ka kira shi. Ka je, ka ɗauko, ka ajiye a nan inda idona zai gani."

"To, Baba."

Ya kira shi. Nuru ya ce ya zo ya ɗauka. Bai je ba. Ni ban san bai je ba, don duk lokacin da na tambaya sai ya ce, "Mun gama magana da Nuru." Sun gama magana, gaskiya ne. Magana kawai suka gama.

Bayan Ista ruwa ya sauka. Na sa aka buɗe ramin ƙarƙashin mangwaro. Iri ya kwanta lafiya, fari tas, ya fara fitar da ido. Iri in ya fitar da ido ba ya jira. Na kira Kevin gaban ramin.

"Ciyawa fa?"

"Ranar shuka da yamma mota za ta kawo."

"Ka dube ni. Wannan da kake gani shi ne duka. Babu wani a rumbu, babu wani a gidan kowa. In ya mutu, irin ubana ya ƙare a hannunka."

"Haba Baba. Na ce maka za ta zo."

Aka yi gayya ranar Talata. Maƙwabta suka zo, aka yanyanka iri, aka shuka gonar bayan dutse gaba ɗaya. Tamar ta dafa acca da miyar karkashi, tana goye da jaririyarta. Mutane suka ci suka watse. Na zauna a ƙofar gida ina sauraron ƙarar mota har rana ta faɗi. Ba mota.

Laraba gari ya waye sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Kevin ya hau babur ya tafi wurin Nuru. Ni na ɗauki sanda na ja ƙafa har gona. Likita ya ce kada in hau dutse. Na hau. Na sa hannu a ƙasa da tsakar rana, sai da na janye. Na tono ɗaya. Fatarta ta fara yamutsewa, idon ya lanƙwashe. Na mayar na rufe da tafin hannuna, kamar hakan zai yi wani abu.

Da la'asar ya dawo, babur ba komai.

"Nuru ya sayar. Ya ce ya jira ni har ya gaji."

Na dubi babur ɗin, na dube shi.

"Gobe zan zagaya ta Kagoro. Ba za a rasa mai saura ba."

Ban ci tuwo ba a ranar.

Alhamis da safe ya fito ya goge babur, ya zuba mai. Na ce a raina, yau dai. Sai wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce za ta kai wake kasuwa, mai kai ta bai zo ba. Na ji shi da kunnena.

"To, Mama, ga ni nan."

Ya juyo ya ce, "Baba, bari in sauke ta in wuce. Ba daɗewa."

Ya tafi. Na dubi sama. Babu alamar ruwa. Na dubi gidan, ina neman abin da zan jefa. Sai idona ya sauka a kan ɗakina.

Ɗakina na ƙasa ne, zagayayye, da jinka. Ni na gina shi da hannuna shekarar da na auri Rosemary, uwar Kevin. A cikinsa ta haife shi, a cikinsa ta rasu. Kevin ya gina mini ɗakin kwano a gefe, na ƙi shiga. Jinkar nan ban taɓa kwashe ta ba, sabuwa nake ɗorawa a kan tsohuwa. Ta yi kauri ƙwarai. Busasshiyar ciyawa ce, mai kyau, wadda babu irinta a ƙauyen a wannan rana.

Amma a wurinmu ba a yaye jinkar mutum yana da rai. Sai ya mutu. Ɗansa na fari shi ke hawa ya kwance ta, a bar ɗakin ruwa ya mayar da shi ƙasa. Coci ta zo ta tarar da haka, ta kuma bar shi haka. Na san wannan fiye da kowa, don ni na yaye ta ubana.

Na ciro laujen mai tsatsa daga ƙofar Kevin. Na jawo tsani na jingina.

Tamar ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Baba! Me za ka yi?"

"Riƙe mini tsani."

"Ba zan riƙe ba. Baba, don Allah ka sauko. Gwiwarka!"

"To kada ki riƙe."

Ta riƙe. Da ɗayan hannun ta kira mijinta a waya, tana magana tana kuka. Na kai sama, na sa lauje na tsinke igiya ta farko. Na jawo yanta guda, wato saƙar ciyawa, na jefo ƙasa. Na jawo ta biyu. Sai gwiwar ta ƙi. Ba gaba, ba baya. Na kwanta a kan jinkar ina huci, zufa tana shiga mini ido. Ban kira kowa ba.

A haka Kevin ya same ni. Ya jefar da babur bai ko kafe ba. Ya hau, ya rungumo ni kamar buhu ya sauko da ni. Ya zaunar da ni a kujera a inuwar rumbu.

"Baba, mene ne haka? So kake ka kashe kanka?"

"Hau ka gama."

"In gama me?"

"Ka yaye ta. Duka. A kai gona kafin rana ta yi tsaka."

"Ba zan yi ba. Kana da rai. Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka gani."

"Na ce maka yau zan je Kagoro."

"Ka ce. Tun kafin Kirsimeti kake cewa. Na ƙoshi da cewarka. Ɗayan biyu: ka hau, ko in koma."

Na dafa sanda zan miƙe. Ya danne mini kafaɗa. Sai ya durƙusa a gabana, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada matarsa ta ji.

"Baba, ba ƙin aiki nake yi ba. Ka san ni. Duk ranar da na ɗauki laujen nan, sai in ji warin nan. Warin gonar kwari. Na yanka ciyawa a waccan shekara, na rufe, na yi duk abin da ka koya mini. Ta ruɓe a gabana. In na hau babur ba na tunawa. In na juya ta wajen gona, ƙirjina sai ya riƙe. Sai in ce gobe."

Na ji shi. Ba zan ce ban ji ba. Amma rana tana hawa.

"Kai kaɗai ka ji warin? Ni hancina a toshe yake? Waccan ciwo ne ya kashe ta, ba ruwanka. Wannan kai ne. Ka hau da tsoronka. Ba wanda ya ce ka bar shi a ƙasa."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ɗauki laujen ya hau.

Yana da hannu, wannan ban taɓa musu ba. Yanta ta fara zubowa, baƙa ta sama, ja ta ciki, da ƙurar shekaru. Ɓeraye suka yi ta gudu. Tamar tana tarawa tana ɗaurewa. Ni ina bayan rumbu, daga hanya ba a ganina. Abin da ake gani daga hanya shi ne ɗan Andrawus na fari a kan ɗakin ubansa da lauje.

Scholastica ce ta fara gani. Tsohuwa ce, ƙawar marigayiya matata, gidanta yana hayin hanya. Tun daga can ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu. Kafin ka ce me, mata sun fito ta ko'ina. Sai na ji ƙararrawar coci, bugu ɗaya-ɗaya, irin na mutuwa. Katikis Luke, mai kula da cocinmu, bai ko tsaya tambaya ba.

Scholastica ta shigo ta zube a tsakar gida.

"Wayyo Yesu! Andrawus ya tafi! Jiya-jiya na gan shi yana jan ƙafa! Wayyo mai baƙin rai, wayyo mai taurin kai, amma bai taɓa cin na kowa ba! Rosemary, ga shi nan ya zo, ki yi haƙuri da shi kamar da!"

"Wa ke da baƙin rai?" na ce.

Ta ɗago. Mata biyu suka ruga waje, ɗaya ta bar takalminta. Scholastica ta zauna daram a ƙasa tana kallona, baki buɗe.

"Kai! Ba ka mutu ba?"

"Ban samu lokaci ba."

"Amma kai mugun tsoho ne. Ka sa na zubar da hawayena a banza. Ka san nawa suka rage mini?"

"Ki adana. Za a buƙata."

Gida ya cika. Maza sun zo da diga da shebur don haƙa kabari. Katikis Luke ya kutso yana haki, da littafin addu'a a hammata. Ya dube ni, ya dubi sama inda Kevin yake tsaye, ya cire tabarau ya mayar.

"Baba Andrawus, wane irin abu ne wannan?"

Na miƙe a kan sanda. Na so kowa ya ji.

"Ban mutu ba. Ɗana ne ya ce gobe. Na ce ya yanka ciyawa, ya ce gobe, wuta ta cinye. Na ce ya ɗauko ta Nuru, ya ce gobe, Nuru ya sayar. Ku da kanku kuka shuka mini iri shekaranjiya. Yana can tsirara rana tana dafa shi. Ku duka kun san babu irinsa a ƙasar nan. Dukanku ya yi muku aiki. Ke, ya kai ki asibiti. Kai, ya ɗauko maka siminti. Katikis, janaretanka yana tashi. Ni ne kawai ban samu layi ba. To na ba shi jinkata. Tunda sai a kan mutuwa ake yin abu a ranarsa a garin nan, ga mutuwa."

Katikis ya matso, ya rage murya.

"Baba, wannan ya yi yawa. Magidanci ne fa, da mata da 'ya. Ka tozarta shi a gaban jama'a. Ai da ka zo mun zauna."

"Mu zauna yaushe? Gobe?"

Ya buɗe baki zai amsa. Sai murya ta zo daga sama.

"Katikis, ku bar shi."

Kowa ya ɗaga kai. Kevin yana tsaye a kan tsaiko, fuskarsa baƙa ƙirin da ƙurar jinka, hawaye sun ja layi biyu a ciki.

"Abin da ya faɗa haka ne. Ba lokacin zama. Duk wanda ya zo kuka, don Allah ya ɗauki dami ɗaya. Gonar bayan dutse. Ku fara ta sama, inda rana ta fi bugawa. Masu shebur, ku ajiye, ku zo ku karɓa."

Scholastica ce ta fara tashi. Ta kakkaɓe zani, ta naɗa gammo.

"Tunda na riga na yi kuka, bari in ga abin da na yi wa. Ɗora mini, 'yata."

Tamar ta ɗora mata. Sauran suka bi.

Ana cikin haka sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Romanus ne, da baƙar riga. Wani ya buga masa waya. Ya shigo da fuskar ta'aziyya, ya gan ni, ya ja da baya har ya taka kaza.

"Baba! An ce mini..."

"Gaisuwa ka zo, ko iri?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Baba, duka biyun."

"Ba ko ɗaya. Juya motarka a loda."

Ya juya. Ya cire baƙar rigar ya yi lodi da kansa.

Ni ban je gona ba, gwiwa ta hana. Na zauna ina kallon ɗakina yana tsiraicewa. Da aka gama, rana ta shiga ciki kai tsaye, ta haska gadon da Rosemary ta rasu a kai. Ban taɓa ganin gadon nan a cikin rana ba. Na ce wa Tamar ta fitar da shi. Na juya kujerata ta fuskanci wani wuri.

Jinkar ba ta isa ba. Ta rufe gefen sama da tsakiyar gona, gefen ƙasa ya rage. Mutane suka koma gidajensu, sun yi iyakar nasu. Kevin bai dawo ba. Tamar ta kai masa ruwa, ta dawo ta ce ya yaye rumfar awaki ta gona, yanzu kuma yana kan itacen ɗorawa yana saran ganye, yana sauka yana shimfiɗawa, yana sake hawa. Ta ce wayarsa tana ta ƙara a gindin itace, bai duba ba. Sai da rana ta faɗi ya shigo, tafin hannunsa duk ya fashe. Ya tsaya a gabana.

"An rufe, Baba. Duka."

"Da ka yi haka a Disamba, da ina da ɗaki."

"Na sani."

"Je ka yi wanka."

Na koma ɗakin kwano, don ba yadda zan yi. Da ruwa ya dawo, ƙararsa a kan kwanon nan kamar ana zuba tsakuwa a ka. Ban yi barci mai daɗi ba duk daminar. Ɗakina kuwa yana tsaye a buɗe yana shan ruwa. Kevin ya ɗaura masa leda, iska ta yage. Ya sake ɗaurawa, ta sake yagewa. Cikin Agusta bangon gabas ya zube. Da safe na fito na gani.

Citta ta fito. Inda jinka ta rufe ta fito sosai, kore shar. Gefen ƙasa, inda aka rufe daga baya, ta fito jefi-jefi, wani wurin ma babu komai. Da gwiwa ta yi sauƙi na kai shi can, na tsayar da shi a kan wurin.

"Duba."

"Na gani, Baba."

"Ba ka gani ba. Duba."

Ya duba.

Duk daminar ina jiran rawaya a ganye. Shi ma yana jira, na sani, don kullum da safe kafin ya taɓa babur sai ya hau bayan dutse. Wata rana na hango shi ya tsaya a bakin gonar ya daɗe bai shiga ba. Sannan ya shiga. Rawayar ba ta zo ba sai a lokacinta, lokacin tono. Muka tona. Bai kai yadda ya kamata ba, amma ya fi abin da aka shuka. Na zaɓi masu kyau da hannuna, aka mayar rami ƙarƙashin mangwaro. Romanus ya zo. Na ba shi ruwa.

Har yanzu in na shiga coci yara suna leƙena, wai ga tsohon da aka buga wa ƙararrawa. Scholastica ta ce ranar da na mutu da gaske ba za ta zo ba sai ta ga gawa. Wasu dattawa ba su daina cewa na karya al'ada ba. Su ce.

Ciyawa ta sake bushewa a daji. Ban ce masa komai ba. Ban wasa lauje ba, ban rataye ba. Na ce bari in gani.

Wata safiya ƙarar ƙarfe a kan dutse ta tashe ni. Na leƙa. Yana tsugune yana wasa lauje, babur yana jingine an rufe shi da buhu. Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka.

"Yi haƙuri, Mama, yau ina daji. Ki kira wani."

Ya ba Tamar wayar ya fita.

Tari biyu ya yi a bayan gida, ya share kewayensu tas. Ɗaya na citta. Ɗayan doguwar ciyawa ce zaɓaɓɓiya, ta jinka. Ya kuma fara kwaɓa ƙasa a gefen bangon da ya zube. Da ya gama tarin ya zo ya kira ni in gani. Yana tsaye yana jira in ce wani abu.

Na zagaya. Na sa sanda na taɓa dami ɗaya, na taɓa wani.

"Ɗaurin nan bai yi ƙarfi ba. Iska za ta watsa shi."

Ya dube ni. Ya dubi rana, ta kusa faɗuwa, tun safe bai ci komai ba. Na jira in ji kalmar nan tasa, gobe.

Ya sunkuya ya fara kwancewa.